Mabuɗin Yana Wuyan Jikarsa

Tun yana saurayi ake kiransa Mai Hoto, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Shagonsa a bakin tashar mota yake, ɗaki ɗaya da aka raba biyu da katako. Gaba wurin ɗauka ne, da labule shuɗi da kujera mai dogon baya da tukunyar furen roba. Baya kuwa ɗakin duhu ne, inda yake wanke fim a ƙarƙashin jan ƙwan lantarki, warin magani na shiga masa ido. Ya ɗauki masu neman aiki, ya ɗauki direbobi jingine da sababbin motocinsu, ya ɗauki 'yan makaranta aji-aji a jere a rana suna matse ido. Ba shi da zama. In shago ya yi shiru sai ya rataya kyamara ya bi gari da ƙafa, yana cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Da wayoyin hannu suka cika gari sai kasuwa ta fara ja da baya, kowa ya zama mai hoton kansa. Ya jure wasu shekaru da hoton fasfo. Daga nan matarsa ta rasu, ciwon suga ya kama shi, ya zama babu mai tuna masa lokacin abinci. Wata rana da hantsi jiri ya kwashe shi a bakin titi, nesa da unguwarsu, babu ko takarda a aljihunsa. Sai washegari 'yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta gano shi a wani asibitin da ba nata ba, kwance a layin marasa lafiyar da ba a san danginsu ba. Daga can bai sake komawa gidansa ba. Ta kwaso shi da akwatin tufafinsa da kwalayen hotuna zuwa gidan da suke haya ita da mijinta da 'ya'yansu biyu, a hawa na uku na wani dogon bene.

Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Tun ranar farko ta nuna masa ba banza ta ci sunan ba.

"Baba, ga ɗakinka, ga maganinka, ga lokacin cin abinci na rubuta a bango. Fita kuma babu, sai da ni ko da baban yara."

"Ko bakin ƙofa, Uwata?"

"Bakin ƙofar ne ya kai ka inda na tsinto ka."

Ya yi dariya, a zatonsa maganar mako biyu ce.

A lokacin an riga an cire yaran daga makaranta. Surukinsa, injiniyan ruwa ne mai yawan shiru, shi ya yanke hakan bayan da ƙaramin ya dawo gida da shatin bulala a wuya, babbar kuma ta shekara a aji mai cunkoso ba ta ƙaru da komai ba. Akwai wani malami da ke zuwa da yamma don lissafi da kimiyya. Sauran yinin kuwa yaran na zaune da littattafai babu mai duba su. Zuwan tsoho sai ya zama faɗuwa ta zo daidai da zama: shi ya kula da karatunsu, su kuma su kula da shi. Da safe iyayen su fita aiki, a kulle ƙofar ƙarfe ta ciki, mabuɗin kuma a rataya shi da zare a wuyan babbar, yarinya 'yar shekara goma sha biyu da yake tsokana da Amarya. Uwarta ta ja mata kunne a gabansa: ba a buɗe wa kowa, ba a buɗe wa Kaka, sai in gobara ce.

Mai Hoto bai taɓa koyarwa ba, bai kuma yi zurfi a boko ba. Kwanakin farko ya riƙe littafin tarihi yana karanta musu, su yi ta hamma, shi ma ya yi. Rannan ƙaramin, wanda ake kira Ɗan Tambaya don bakinsa ba ya hutawa, ya jawo kwali ɗaya daga ƙarƙashin gado ya zazzage. Ya ɗago hoton wasu mutane tsaye gaban wani gini mai dogon agogo.

"Kaka, me ya sa duk ba sa dariya? An yi musu mutuwa ne?"

"A'a. Jirgi suke jira."

"Wane jirgi? Ina ya je? Me ya sa ba ya zuwa yanzu?"

Ranar ba a buɗe littafi ba, amma sai da aka yi tarihi har azahar. Daga nan makarantar ta samu hanyarta. Kullum da safe a zaro hoto ɗaya a ɗora kan tebur. Su faɗi abin da suka gani, kafin su faɗi abin da suke zato. Su rubuta shafi guda. Su nemo a littafi me ake ciki a duniya a shekarar da aka ɗauke shi. Uban yaran ya kawo wata ƙaramar kyamara ta zamani daga wurin aikinsa, tsoho ya koya musu riƙo: gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, a ɗauke numfashi, rana a bayan kafaɗa. Suka ɗauki buta, suka ɗauki inuwar kujera da safe da inuwarta da la'asar, suka auna bambancin da zare. Suka ɗauki Kaka yana gyangyaɗi, baki a buɗe, suka ɓoye masa.

Sai dai gida gida ne. Falo ɗaya, ɗakuna uku, kicin, da 'yar baranda da aka toshe da ragar ƙarfe. Cikin 'yan watanni babu lungun da ba su ɗauka ba. Ta taga kuwa abu ɗaya ake gani kullum: bangon benen da ke fuskantarsu, shanyar wata mata, da ɗan yankin titi inda mai gyaran taya ke zama. Mai Hoto ya san hulunan mutanen unguwar kafin ya san fuskokinsu. Ran Juma'a suruki ya ɗauke shi a mota zuwa masallaci, ya dawo da shi a mota, gilashi a rufe. Shi ke nan fitarsa.

Shi ya kawo shawarar yawon gani da ido. Ya jira har aka gama cin abinci, ya gyara murya ya ce wa surukin, "Tarihi ba a koyonsa a zaune. Gani ya kori ji. Yaran nan sun rubuta shafi nawa a kan tashar jirgin ƙasa, ba su taɓa taka layin dogo ba." Maganar gaskiya ce, amma shi ya san ba don yaran kaɗai ya yi ta ba. Suruki ya gyaɗa kai, aka sa Asabar ɗin ƙarshen kowane wata.

Suka je tsohuwar tashar, inda ciyawa ta cinye layin kuma awaki ke kwana a ɗakin sayar da tikiti. Suka je wata gadar dutse da aka daina bi. Suka je gidan adana kayan tarihi, inda ma'aikacin wurin ya hana ɗaukar hoto sai da tsoho ya lallaɓa shi. Tun ana saura mako guda Mai Hoto zai goge takalmansa ya ajiye a bakin gado. Amma ko a can ɗin, Uwata na maƙale da hannunsa. Ta zo da kujerar naɗewa, da kwalbar ruwa, da na'urar gwada suga. In ya yi taku goma ta ce ya isa. Suruki kuwa idonsa na kan agogo, yana tunanin cunkoson hanya.

Ranar da suka je kufan wani tsohon gari da ke kan dutse, nan abin ya fi yi masa ciwo. Yana saurayi ya hau dutsen nan da kyamara mai ƙafa uku a kafaɗa. Ya san akwai wata rijiya a sama da aka fafe cikin dutse, da ragowar bangon da ake hango kwari gaba ɗaya ta wata kafa.

"Sannu a hankali zan hau, Uwata. In na gaji in zauna."

"In ka faɗi a can sama wa zai sauko da kai? Ni ko yaran?"

"Baba, ku yi haƙuri ku zauna a inuwa," in ji suruki. "Za su ɗauko muku komai."

Aka kafa masa kujera a gindin bishiya, aka tara masa jakunkuna a gabansa. Ya zauna yana gadin takalma da kwanon abinci, yana kallon bayansu suna ƙanƙancewa. Da suka sauko Amarya ta miƙa masa kyamarar tana haki. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta samo kafar bangon ba tare da ya kwatanta mata ba, ta durƙusa ta ɗauki kwarin ta cikinta, da ƙafar ƙaninta a gefe. Hoton ya fi wanda shi ya ɗauka a zamaninsa. Ya ce mata, "Amarya, kin ƙwace mini sana'a, saura ki ƙwace gadon." Ta yi dariya, shi ma ya yi, ya juya kai yana gyara hula.

Bayan wannan tafiyar sai abubuwa suka cakuɗe. Aka canza wa Uwata lokacin aiki, Asabar ta shiga ciki. Aka tura suruki wani aiki a wajen gari, sai ƙarshen mako yake dawowa a gajiye, wani lokacin ma ba ya dawowa. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Har Juma'ar ma ta zama sai an dace. Mai Hoto ya fara zagaye falo kamar mai neman abin da ya ɓata, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Haƙurinsa ya ragu. Ya daka wa Ɗan Tambaya tsawa a kan tambayar da da can zai yini yana amsawa. Yaran ma suka yi laushi, suka koma faɗa da juna a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wata safiya ya dubi zaren da ke wuyan yarinyar ya ce, cikin wasa, "Amarya, ara wa angonki mabuɗin nan. Aski kawai zan yi a kan kwana in dawo."

"Kaka, Mama ta hana."

"Mamarki ni na haife ta."

"Na sani. Amma ni za ta daka."

Ya bar maganar. Washegari ya sake ɗauko ta, ba wasa a ciki. Ya ce shi ba ɗan kaso ba ne, ya ce ya yi shekara saba'in yana fita ba da izinin kowa ba, ya ce ashe zai ga ranar da 'yar da aka haifa jiya za ta tsare masa ƙofa. Yarinyar ta damƙe mabuɗin ta cikin riga, hawaye na zuba. Ya shiga ɗakinsa ya kwanta yana jin kunyar kansa. Ranar ba a yi karatu ba.

Kwana biyu bayan haka, ita da kanta ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakinsa, da kyamara a hannu.

"Kaka, tsohon gidan wayar nan da ka ce yana kusa. In darasi ne, ai ba yawo ba ne, ko?"

Ya san ya kamata ya ce a'a. Ya tashi ya sa takalmi.

Suka sauka su uku, yana dafe da ƙarfen matattakala. Iskar waje ta buge shi da warin mai da ƙura da hayaƙin masu suya. Ya gaisa da mai gyaran taya, wanda ya sani ta taga kamar ɗan'uwa, mutumin kuwa bai taɓa ganinsa ba. Gidan wayar na bayan kasuwa, gini mai kaurin bango da manyan ginshiƙai, rabinsa an mai da shi wurin ajiye buhuna. Ya nuna musu ramukan da ake jefa wasiƙu, da jerin ƙananan akwatuna masu lamba da tsatsa ta cinye. Ya ba su labarin yadda mutane ke layi da hotunan da ya wanke musu, suna sa wa a ambulan zuwa ga 'yan'uwan da ke nesa. Ɗan Tambaya ya zura hannu a ramin wasiƙa ya kusa maƙalewa. Amarya ta kwanta a ƙasa don ta samo ginshiƙan tun daga tushe. A hanyar dawowa ya yi askinsa, yaran na zaune a benci suna kaɗa ƙafa. Babu jiri, babu faɗuwa. Kafin azahar sun dawo sun kulle ƙofa, kowa na murmushi kamar ɓarayin da suka sha.

Askin ne ya fara tona su. Uwata na shigowa da yamma ta dubi kansa ta yi tsai. Ta ɗauki kyamarar daga kan tebur ta fara dannawa. Ga ginshiƙai, ga ramin wasiƙa, ga Kaka a kujerar mai aski da ƙyalle a wuya yana washe baki.

Ba shi ta fuskanta ba. Yarinyar ta kira.

"Ke na ba wa amana. Ke! Da ya faɗi a kasuwa fa? Da mota ta kwashe ƙaninki fa? Me za ki ce mini?"

"Uwata, ni na sa ta," in ji shi. "Ni za ki yi wa faɗa."

"Kai ba zan iya yi maka faɗa ba, Baba, shi ya sa nake yi mata." Ta juyo gare shi. "Ka san yadda na same ka? Gado-gado na bi ina ɗaga mayafi. Sai da na fara zuwa ɗakin ajiye gawa kafin in zo inda kake. Ba zan sake ba. Wallahi ba zan sake ba."

Ya buɗe baki zai ce ai bai mutu ba tukuna, sai ya dubi fuskarta, ya haɗiye maganar. Ta cire zaren daga wuyan Amarya. Daga ranar ta waje ake kulle ƙofar, mabuɗin kuma yana hannun matar maigadi a ƙasa, wadda za a kira ta waya in wani abu ya taso.

Yarinyar ta daina yi masa wasa. Tana zuwa darasi, tana rubuta shafinta, amma in ya ce Amarya sai ta ce na'am kawai, idonta a ƙasa. Ya lura hannunta na yawan zuwa wuyanta, ya shafa wurin da zaren yake a da. Ya lura kuma da abin da ya daɗe yana gani bai kula ba: duk la'asar, in 'yan makaranta suka taso suna wucewa ta ɗan yankin titin nan, ita da ƙaninta sukan bar abin da suke yi su manne da ragar baranda har sai na ƙarshe ya wuce. Shi dai ya ci zamaninsa a waje kafin a rufe shi. Su fa?

Ya yi kwanaki yana juya abin, don ya san inda maganar za ta ƙare da shi. Ranar wata Lahadi da suruki ke gida, ya kira shi da Uwata ɗakinsa.

"Ku mai da yaran nan makaranta."

Suruki ya ce, "Baba, ai suna ƙaruwa a hannunku fiye da can. Malamin lissafi ma ya faɗa."

"Suna ƙaruwa da karatu. Amma yarinyar nan ba ta da ƙawa ko ɗaya, sai tsoho mai ciwon suga. Yaron nan bai taɓa faɗa da sa'ansa an raba su ba. Abin da na sani na ba su, kwalayen sun ƙare. Ku nemi wadda ba a duka, ku sa su."

Uwata ta dube shi. "Kai kuma fa? Wa zai zauna da kai?"

"Da wa nake zaune kafin a haife ki?"

Da sabuwar shekarar karatu ta zo aka ɗinka wa yaran kayan makaranta. Amarya ta sha wuya a makonnin farko, ba ta saba da hayaniya ba, ba ta iya ɗaga hannu kafin ta yi magana ba. Daga baya ta ware. Ɗan Tambaya kuwa tun ranar farko aka san da zuwansa. Suna dawowa da labarai, Kaka ya zauna ya saurara, sunayen yaran da bai taɓa gani ba ya haddace su tsaf. Yawon ƙarshen wata bai dawo ba, don Asabar ta zama ta wanki da aikin gida da ziyarar ƙawaye.

Yanzu da safe gidan kan yi tsit bayan an ja ƙofa. Yakan ji ƙarar mabuɗi sau biyu, sannan takun Uwata na sauka. Ta saya masa rediyo, ta sa matar maigadi ta riƙa leƙo shi da rana, ta kuma samo mai askin da ke zuwa har gida. Ba ya ƙorafi. In ta tambaye shi ya gida, sai ya ce gida lafiya, yana nan inda ta bar shi.

Fitar da ta rage masa tabbatacciya ita ce ta ganin likita. Rannan suna dawowa daga asibitin, suruki na tuƙi, Uwata a gaba tana duba takardar magani, suka tarar da cunkoso a babban titi, motoci sun tsaya cak. Suruki ya yi tsaki ya fara neman inda zai karya ya bi ta lungu.

"Akwai wata 'yar hanya nan, yanzu za mu isa gida."

"Bar ta," in ji Mai Hoto daga baya. "Bi babban titin."

"Baba, sai mu yi awa a nan."

"To, mu yi. Sauri muke?"

Suruki ya dubi matarsa. Ta ɗago kai daga takardar, ta waiwayo ta dubi ubanta. Ya riga ya sauke gilashi, ya ɗora haɓa a kan hannunsa, yana kallon wani mai lemo da ke ciniki da direban babbar mota.

"Bi babban titin," ta ce.